Masu Kwaikwayon The Smiths: Da Gaske Suke Kiɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wasu makaɗa a Ingila suna wasa kamar ƙungiyar The Smiths, wadda ta watse tun 1987. Faifai suke sakawa suna motsa baki? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da hannunsu suke kaɗawa. Gwanayen cikinsu wasan dandamali suke bi, ba faifan sitidiyo ba, domin a sitidiyo Johnny Marr, mai gitar The Smiths, yakan ɗora sautin gita kan gita, abin da hannu biyu ba za su iya ba a gaban jama'a. Madogararsu ita ce faifan Rank, wanda aka ɗauka a wasan dandamalin The Smiths a Kilburn ta Landan a Oktoban 1986, lokacin da Craig Gannon ke riƙe da gita ta biyu. Mai son wannan cikar sauti sai ya nemo mutum biyar. Da huɗu za a ji rami a tsakiya.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne saitin tsirkiya. Marr yakan ɗaga sautin gitarsa da mataki guda don ya dace da muryar Morrissey, mawaƙin ƙungiyar. In ka ɗaure tsirkiya mai kauri haka, za ta yi tauri a yatsa, ta ja wuyan gitar, wani lokaci ta tsinke ana tsakiyar waƙa. Gara a sa siririya, ko a ɗaura matsewar nan da ake kira kafo a gaɓa ta 2. Amma a sake saiti bayan an ɗaura, don matsin yakan haura da sautin kaɗan, kuma kunne yana kamawa.

Sai karkarwar sautin nan ta waƙar How Soon Is Now? ta 1984. Da amfilifaya (na'urar ƙara sauti) huɗu ƙirar Fender Twin aka yi ta, kuma ko a sitidiyon gutsure-gutsure aka ɗauka, don karkarwar takan kauce wa ganga. Yau feda guda, wato na'urar sauya sautin gita da ake takawa da ƙafa, ta wadatar, muddin an saita saurinta tun kafin wasa, mai ganga kuma ya sa abin ji a kunne yana bin ƙas-ƙas ɗin na'ura. In ya yi gaggawa ko kaɗan, kiɗan ya dagule.

Furannin da mawaƙin ke kaɗawa a sama, da tabarau, su ne mafi sauƙi. A bar su sai kiɗa ya zauna.