Yaya ake kallon rabuwar ƙwayar halitta da hasken leza?

Tambaya: Ni malamin Bayoloji ne a wata sakandare ta karkara a yankin Ringim. Na ga bidiyon ƙwayar halitta tana rabuwa gida biyu, kuromosom ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, na ƙyalli kore shar. Wace na'ura ce ke ɗaukar wannan? Maikiroskop ɗin makarantarmu zai iya?

Amsa: Malam, wannan aikin maikiroskop na konfokal ne. Marvin Minsky ya ƙirƙiro tsarinsa a shekarun 1950, daga baya aka haɗa shi da leza. Lezar tana bin samfurin ɗigo-ɗigo, hasken da ya dawo kuma sai ya bi ta wata 'yar huda kafin na'ura ta karanta shi. Hudar nan ita ke tare hasken da ya taso daga sama ko ƙasan inda aka saita, shi ya sa hoton ke fitowa tar. Ana ɗaukar hoton ƙwayar hawa-hawa ba tare da an yanka ta ba, tazarar rabin maikiromita zuwa ɗaya (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), kwamfuta ta haɗa su su zama siffa guda.

Koren da ka gani furotin ne mai suna GFP, asalinsa daga wata halittar teku. Ana liƙa shi da wani furotin mai suna histon H2B da ke jikin kuromosom, sai leza mai shuɗin haske (nanomita 488) ta sa shi ƙyalli. Ƙwayoyin ɗan Adam kuwa dole a ajiye su a zafin digiri 37, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Rabuwar kan ɗauki kusan awa guda, ana ɗaukar hoto duk minti biyu zuwa biyar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarfin leza. In ya yi yawa, ƙyallin ya dushe, ƙwayar ta galabaita, ta tsaya cak a tsakiyar rabuwa ko ta mutu. A rage shi iyakar yadda hoto zai fito, a tsawaita tazarar ɗauka. Hoto mai ɗan duhu na lafiyayyar ƙwaya ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Maikiroskop ɗin makarantarku ba zai nuna motsin ba, amma ɗalibai za su ga matakan ƙuru-ƙuru. Ɗora albasa a bakin kofin ruwa kwana uku zuwa huɗu har ta fitar da saiwa. Yanke ƙarshen saiwar milimita 2, sa shi a asid haidurokulorik mai ƙarfin mola 1 a digiri 60 na minti biyar, ɗauraye, ɗora shi a kan gilashin maikiroskop, ɗiga rinin asito-osin, rufe da siririn gilashi. Danna a tsaye da babban yatsa, kada ka murza, murzawa na tarwatsa kuromosom. Sai ka duba a ninki 400.