Mai wankin ƙoda zai iya shan maganin ciwon hanta na C?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ana masa wankin ƙoda nan Maradi, gwaji kuma ya nuna ciwon hanta na C, kana tsoron magani ya ƙarasa ƙodar. Kwantar da hankalinka. Zamanin allurar interferon ya wuce, yanzu ƙwayoyi ne ake haɗiya kullum. Ƙwayoyin sofosbuvir da daclatasvir yawanci mako 12 ake sha, kuma fiye da 90 cikin 100 na warkewa. Tun 2019 Amurka ta amince masu wankin ƙoda su sha sofosbuvir.

Amma a auna ciwon hanta na B tukuna, don maganin na iya tayar da shi. Ranar ganin likita, zuba duk magungunan Baba a leda, har da jiƙon gargajiya, ka kai masa. Rifampicin na tarin fuka, musamman, yana kashe ƙarfin maganin ciwon hantar.