Amsa: yadda guguwar rana ke kado tauraron ɗan adam

Malam, ka ce ya akai guguwar rana ke kado tauraron ɗan adam alhali can sama ba iska. To akwai fa, ƴar kaɗan ce dai. In rana ta watso barbashi masu caji suka bugi maganaɗisun duniya, lantarki na gudana can sama, iskar ta ɗau zafi ta kumbura ta hau, sai tauraron ya tarar da ita da kauri tana ta ja mai birki har ya sauko. Haka akai da taurarin ɗan adam na Starlink masu ba da intanet a Fabrairun 2022, cikin 49 da aka harba kusan 40 suka sauko suka ƙone. Amma zafin Katsinan nan ba ruwanshi da wannan wallahi, abin sama da kilomita 100 yake faruwa.