Me Ya Sa Kalli Ba Ya Kawo Irin Kifin Da?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa in muka ɗaga kalli, wato ragar kamun kifi, a tafkin Kainji karfasa ce ke cika jirgi, alhali dattawa na lissafa maka sunayen kifin da da ƙyar kake gani. Zauna ka ji.

Kifin kogi da cikowar ruwa yake rayuwa. Kwara, wato kogin Neja, sau biyu take cika a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini ya iso mana cikin hunturu. In farin ruwa ya hau fadama, kifi ya bi shi cikin ciyawar burgu ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari a ruwa marar zurfi, sannan su dawo kogi kafin ya janye.

Da aka tare kogin da dam ɗin Kainji a 1968, shekarun farko kowa murna yake. Ruwa ya cinye gonaki da daji har Yawuri, ciyawa ta ruɓe, abinci ya wadata, kifin faliya ta yi yawa har a rasa inda za a ƙyafe ta. Wajen 1971 kamun shekara ya kai tan dubu 28, amma kafin 1980 bai kai rubu'in haka ba. Abin da ya fi damuna ma ba yawan ba ne, irin kifin ne ya canza, a hankali, ba wanda ya farga.

Ɗauki kifin miligi ka dubi bakinsa. Dogo ne, ya lanƙwasa ƙasa, da shi yake tonon tsutsa tsakanin duwatsu inda ruwa ke gudu. To duwatsun Bussa yanzu suna can ƙasa, laka ta rufe su, kuma da bazara ruwan ƙasan tafki ba ya da iskar da kifi zai shaƙa. Ina zai ci? Shi da danginsa suka ja baya, suka koma sama inda kogi ke da sauran gudu. Karfasa kuwa ruwa kwance take so, ta haƙa gurbinta a yashin gefe. Warangi, ɗan ƙaramin kifin nan, shi ma ya samu fili, ya yaɗu a tsakiyar tafki.

Mutanen ƙasan dam nasu ya fi ciwo, don fadamarsu ta daina samun ruwa a kan lokaci. Haka masuntan Hadeja da Nguru suka gani bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Saboda haka nake hana ka jan tarun dala mai ƙaramin ido a bakin burgu. Nan ne ɗan wurin da ya rage wa 'ya'yan giwan ruwa, bargi da yauni. In ka ga sun shiga taru ba su kai tafin hannu ba, mayar da su ruwa tun suna motsi.