Oga ya ce in yanke gindin jadawali don a ga ci gaba, ko akwai laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'ar tattara bayanai ce a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma. Rigakafin Penta 3 (zagaye na uku na allurar cututtuka biyar, wadda ake yi wa jarirai a sati 14) ya tashi daga kashi 84 cikin 100 zuwa 88 a wata uku. Da na zana jadawalin sanduna, oga ya ce bambancin bai fito ba, in fara ma'aunin gefe daga 80 maimakon sifili kafin taron bita. Hankalina bai kwanta ba, amma ya ce ai ba a taɓa alƙaluma ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hankalinki ya yi gaskiya da ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne ba a taɓa alƙaluma ba, amma mai kallon majigi daga bayan ɗaki tsawon sanda yake karantawa, lambobin ƙanana ne a wurinsa.

Ga lissafin. Idan ma'auni ya fara daga 80, sandar 84 tana da tsawon taki 4, ta 88 kuma taki 8. Ido zai ga ninki biyu. Alhali abin da ya ƙaru maki 4 ne kacal, wato cikin kowane yaro 100 har yanzu 12 ba su samu allurar sati 14 ba. Da a ce an fara daga 83, sai ki ga ninki biyar, da alƙaluma iri ɗaya. Duk zanen da mai shi zai iya zaɓar yawan nasararsa ta hanyar matsar da lamba ɗaya, to ba ma'auni ba ne.

Wannan ita ce cutar da ta cika ofisoshinmu: ɗaukar jadawali a matsayin kwalliyar rahoto. A kira wani yaro "mai kwamfuta" daren taro, ya zuba launi bakwai, ya karkata sanduna su yi kauri kamar bulo, kowa ya tafa. Babu mai tambayar daga ina ma'aunin ya fara. Kuma a kan wannan hoton ake yanke hukunci. Shugaba ya ga sanda ta ninka, sai ya ce mazaɓar ta warke, a janye kuɗin man babur na zagayen ƙauyuka a kai wani wuri. Mai awon hatsi da ya buga gindin tiya ta lotsa, sunansa mai tauye mudu ko da ya cika ta har ta yi tozo. Wanda ya yanke gindin sanda abokin sana'arsa ne, sai dai shi yana sanye da babbar riga.

Wani lokaci ma ba mugun nufi ba ne. Excel da kansa yakan ɗaga farkon ma'auni idan lambobin suna kusa da juna. Don haka kowane lokaci ki danna ma'aunin gefe da maɓallin dama, ki shiga Format Axis, ki sa Minimum ya zama 0. Tunda kaso ne, Maximum ya tsaya a 100.

Oga yana da hujja guda: maki 4 aiki ne, kuma ya cancanci a gani. Hanyar halas ita ce zanen layi na wata-wata, na watanni 12 aƙalla. Layi yana nuna hawa da sauka ne, saboda haka an yarda ya fara daga sama da sifili, muddin an rubuta hakan a fili. Ki ja layin manufa a kwance, ki rubuta 84 da 88 a kan ɗigonsu, taken zanen kuma ya zama jimla cikakkiya: "Penta 3 ya ƙaru da maki 4 a wata uku."

Abu biyu kafin ki rufe kwamfutar. Kada ki dogara da ja da kore kaɗai, domin a fotokwafi baƙi da fari sukan zama toka ɗaya. Sannan ki duba adadin yaran da kika raba da shi wajen fitar da kason. Yaran ƙasa da shekara ɗaya ana ƙiyasta su ne da kashi 4 na jama'a, bisa hasashe daga ƙidayar 2006, shi ya sa wasu mazaɓu ke nuna sama da 100. Ki ajiye Penta 1, wato zagayen farko na allurar, kusa da Penta 3; idan waɗanda suka fara ba su gama ba sun wuce kashi 10, wannan shi ne zanen farko da ya kamata taron ya gani.

Shi kuwa oga, kada ki ja da shi a gaban mutane. Ki buga zane biyun, na sanduna mai farawa daga 80 da na layi, a takarda ɗaya ki kai masa ofis, ki ce ranka ya daɗe, idan baƙi daga jiha suka tambayi dalilin 80, me za mu ce?