Amsa ga malamar da aka kai ƙara kan darasin juyin halitta

Malama sannu, wallahi na tausaya miki. Kin ce kin fara babin juyin halitta da 'yan SS3 sun ce kafirci kike koya musu har wani uba ya zo makaranta, kina tambaya ko ki tsallake babin. Kar ki tsallake, yana cikin silabus kuma WAEC ba ruwanta da rigimar garinku, yaran ne za su kwana ciki.

Ni nawa ma ba iyaye ba ne, abokin aikina ne, mutumin da muke cin ƙosai a leda ɗaya a ofishin malamai, har bashi na sha ba shi kafin albashi. Ya leƙo ta taga ya ga hoton nan na biri a duƙe yana miƙewa har ya zama mutum, ko kirana gefe bai yi ba, sai a asambuli ya karɓi lasifika wai akwai malamin da yake gaya wa 'ya'yanmu kakansu biri ne. Bai kama suna ba amma malamin bayoloji nawa ne a makarantar? Ina tsaye yara na waiwayena suna ƙunshe dariya, daga ranar na koma Malam Biri, har matata sai da ta ji a gidan suna ta dawo tana kuka, kuma a masallacin makaranta da nake jan sallar azahar aka daina cewa in shiga gaba. Har yau bai ce in yafe masa ba, in mun haɗu sai ya washe baki kamar ba shi ba. Na bar shi da Allah dai.

Ki fara cire hoton nan, dama a kimiyyance ma ba daidai yake ba. Darwin bai ce birin da muke gani shi ya zama mutum ba, cewa ya yi asali ɗaya suka haɗa, kuma littafinsa na 1859 kusan bai taɓa zancen mutum ba sai a na 1871. Ni yanzu kamar tarihi nake koyar da shi, wane ya ce kaza a shekara kaza ga hujjarsa. Lamarck a 1809 yana ganin abin da dabba ta samu ta hanyar yawan amfani da wata gaɓa 'ya'yanta za su gada, misalin wuyan raƙumin dawa, Darwin da Wallace a 1858 suka zo da cewa bambancin yana nan tun farko, wanda ya dace da muhalli shi ke rayuwa ya hayayyafa. Bambancin nan ki sa su haddace shi don ana yawan tambaya.

In kin ga ajin ya ɗau zafi ki kawo musu Jahiz na Basra da ya rubuta Kitabul Hayawan tun ƙarni na 9, ya yi maganar yadda dabbobi ke cin juna da yadda muhalli ke tasiri a kansu, da Ibn Khaldun da ya jera halitta mataki-mataki daga ma'adanai zuwa tsirrai zuwa dabbobi. Amma kar ki ce su suka riga Darwin kamar yadda ake yaɗawa a Facebook, maganarsu daban ce, amfanin kawai yara su ga malaman Musulunci ma sun yi tunani a kan halittu ba wanda ya kore su daga masallaci. Ni dai aka kora.

Shi mutumin nawa hujjarsa kullum Piltdown, ƙoƙon kan da aka ce an tono a Ingila a 1912 ashe kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri. Eh ƙarya ce, amma su wa suka tona ta a 1953? Masana kimiyyar ne da kansu. Bai san an tono Lucy, ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, a Habasha a 1974 ba, bai san ƙoƙon kan Toumai da aka samu a hamadar Djurab nan maƙwabtanmu Chadi a 2001 ba, wanda aka ƙiyasta ya kai wajen shekara miliyan 7.

Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne sikila, kowa yana da ɗan uwa mai ita. Ki tambaye su me ya sa AS, wato masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya, ya yi yawa a ƙasashen sauro, sannan ki gaya musu wani masani mai suna Allison ya nuna a 1954 cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar halittar sikilar ba ta ɓace ba. Daga nan ma sai ki tura su gwajin jini kafin aure.

Zancen Annabi Adamu (AS) kuwa ki ce musu imaninki yana nan, tafsiri su je wajen malaman tafsiri, ke ba fatawa kika zo bayarwa ba. Kuma dan Allah kar ki yi musu da kowa a ofishin malamai, kuma kafin ki sake shiga ajin ki kai wa mataimakin firinsifal shirin darasinki ya sa hannu da kwanan wata, ki ɗauki hotonsa a waya.