Shekara nawa ake yi kafin a zama likitan zuciya?

Tambaya: Likita, ina ajin ƙarshe a sakandare a Gusau. Mahaifiyata ta yi fama da ciwon zuciya bayan haihuwar autarmu, tun lokacin na ƙudurta zama likitar zuciya. Wane kwas zan cike a JAMB?

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya. Babu kwas mai suna likitancin zuciya a JAMB. Likitanci za ki cike, wato MBBS, ki rubuta Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Karatun shekara 6 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta ba ki cikakkiyar rajista, sai shekara 1 ta hidimar ƙasa.

Daga nan ne aikin yake. Za ki ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, sannan ki nemi gurbin horo a asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika. Samun gurbin nan kan fi jarrabawar wuya. Shekarun farko duk cututtukan manya za ki duba: ƙoda, suga, huhu, hanta. Sai kin ci jarrabawar mataki na ɗaya za ki keɓe ga zuciya, ki ƙware a karanta ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, da hoton zuciya, ki rubuta kundin bincike. Jimilla, daga shiga jami'a zuwa kammala wannan horo, kusan shekara 14, in yajin aiki bai ci wasu ba.

Ki sani likitan zuciya ba ya buɗe ƙirji. Wannan aikin likitan tiyata ne, hanyarsa daban. Mu likitocin zuciya, hawan jini da gazawar zuciya ne ke cika mana layi.

Abin da kika bayyana ya yi kama da raunin zuciya na masu jego, wanda ya fi yawa a Arewa maso Yamma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da wankan jego da kunun kanwa, amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Har yau ba a rufe maganar ba, ga ki da batun kundi tun yanzu. Kafin nan dai, ki matsa wa Kimistiri.